Batir Biyu a Hanyar Oodnadatta

Motar nan ta girmi aurena, ta kuma fi shi ƙarko.
Babana Anestis ya saye ta da kuɗin dutse guda
da ya tono a ramukan Coober Pedy,
dutse mai walƙiyar wuyan tattabara.

Ƙarƙashin bonet akwai tsohon batir na dalma,
baƙi wuluk, ɗaga shi sai da nishi.
Aikinsa ɗaya: tari uku da sassafe, inji ya tashi.
A baya, gefen firiji, na girke sabo,
na lithiyam, shuɗi, hannu guda ke ɗaukarsa.
Cikin firijin akwai allurar sukarin Baba,
da cuku, da kwalbar zaitun
wadda ko lahira za shi, sai da ita.

"Wuta ai wuta ce," in ji shi.
"Sa waya mai kauri, haɗa su, mu wuce."
Na haɗa.
Wa ke musu da wanda ya shekara arba'in
yana ja wa kansa lantarki a ƙarƙashin ƙasa?

Tun kafin William Creek na fara jin ƙauri.
Sabon yana zuƙa ba numfashi,
dainamo na zufa, yana ba shi, yana ba shi,
ba wanda ya koya wa ɗayansu cewa ya isa.

Muka kwana bakin tafkin gishiri.
Inji ya mutu, amma ƙofar da ke tsakaninsu ba ta rufu ba,
don ko yana hutawa sabon a tsaye yake,
sha uku da ɗoriya,
ita kuwa ƙofar ta ɗauka har yanzu ana tafiya.
Dare guda cur yana ɗura wa tsoho,
tsohon na yoyo ta inda shekaru suka ci.
Ƙarfe huɗu firiji ya yi ƙyat, ya yi tsit.
Shirun ne ya tashe ni.

Na naɗe allurar a jiƙaƙƙiyar safa,
na rataye ta a madubi inda iska ke bi.
Baba ya juya wa bargo baya, bai ce uffan ba.

Dragica, mai gyaran wutar mota,
ta dubi wayata, ta dubi Baba, ta tsotsi haƙori.
"Wannan ka cika shi, ka bar masa ɗan kurɓi kullum, ya gode.
Wancan in ya ƙoshi, janye kwano.
Ranar da ƙanƙara ta kwanta a gilashi kuwa,
kada ku ba shi ko ɗigo sai ya ji ɗumi.
Ku kun zaunar da su akushi ɗaya, kun tafi barci."

Ta ɗaura wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu biyu ba.
Shi ke karɓa daga gaba, ya auna, ya miƙa baya,
hanya ɗaya, ba komowa.
Ta sa fis a kowane baki.
Ta faɗi kuɗin, Baba ya zagi wani waliyyi da Girkanci.

Yau kwana shida muna kan jar ƙasa.
Kwata na sa haƙora rawa, ƙudaje sun mai da mu gida.
Mita na kan cinyarsa tun safe,
yana leƙa ta kamar mai jiran sakamakon asibiti.
Sha huɗu da ɗigo biyu.
Sha huɗu da ɗigo huɗu.

"Wayarki ce ta yi siriri," in ji shi,
ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba,
ya ciro zaitun guda, mai sanyi ƙalau,
ya tofar da ƙwallon ta taga.